Filashin Daga Gidan Ɗori

Kwana goma sha ɗaya ke nan Naja'atu tana kallon rufin ɗaki ɗaya. Ta san azarar da ta tsage, ta san wadda gara ta fara ci, ta san gidan zanzaro da ke kusurwa har ta san lokacin da mai gidan yake fita da lokacin da yake dawowa. Tun ranar da kabu-kabu ya watsar da ita a hanyar Jega zuwa Aliero, ƙwaurinta na dama ya karye, aka kwaso ta zuwa gidan Malam Isiyaku mai ɗori, ba ta sake ganin sararin sama ba sai ta tsagar ƙofa. Malam ya jera mata karare ya ɗaure da ƙyalle, ya ce kwana arba'in, ko ƙuda ya sauka a ƙafar kada ta motsa ta.

Ga wadda ta saba kewaya gonaki uku kafin hantsi, wannan kwanciya ta fi karayar ciwo. Ta yi karatun aikin gona, ta dawo Katanga ta karɓi fegin mahaifinta ta shuka albasa, mutane suna cewa boko ya ɓata yarinya, ita kuwa ta ɗaga kai ta wuce. Yanzu ga ta, ko buta sai Gwaggo Laraba, ƙanwar mahaifinta da ke jinyarta, ta miƙo mata.

Babbar wayarta ta farfashe a hatsarin. Gwaggo ta ba ta tata ƙarama mai madannai, wadda fuskarta ta dushe har ba a ganin komai sai an kai ta inuwa an karkata. Naja'atu ba ta damu da fuskar ba. Babban yatsanta ya san ɗan tudun da ke kan lamba biyar, daga nan yake lalubo sauran.

Abin da ke raba mata yini shi ne rediyon Malam, wadda ke rataye a ƙusa bakin ƙofar ɗakin mata. Ba a kashe ta. Malam Isiyaku idan zai taɓa ƙashi rufe idanu yake yi, ya ce ido yana yi wa hannu ƙarya, sai ya bar kunnensa wajen rediyo, yatsunsa wajen aiki. Marasa lafiya ma sun fi son haka, don muryar rediyo tana rufe kukan wanda ake ja.

Ranar Talata ce, ƙarfe goma, lokacin shirin Kunnen Manomi. Duk ƙasar nan an san yadda shirin yake. Ba ka kashe ko kwabo: ka yi wa lambar shirin filashin ka katse, na'urarsu ta zaɓi wasu daga cikin lambobin ta kira su, su yi magana kowa ya ji. In kuma Mardiyya mai gabatarwa ta yi tambaya, akwai lambar "e" akwai lambar "a'a", kowa ya yi wa tasa filashin, ta karanto adadin. Mata sun riƙe shirin hannu biyu, don ba ya neman ka iya karatu, ba ya neman ka ajiye taɓarya. Kana tsinke, kana tankaɗe, kunnenka yana can.

Naja'atu ta gyara kai a kan matashi. Shirin nan ta ɗauke shi kamar nata. Mako uku da suka wuce an kira ta, ta yi bayanin da aka yi ta maimaitawa a kasuwar Jega. Ta ce mutane su daina barin ruwan farko yana jiƙa musu rudu, wato rumbun kara da ake ajiye albasa. Ta ce da an ga hadari a lulluɓe shi da tamfol, a ja har ƙasa, a ɗaure tam. Wani tsoho, Baba Ya'ƙub daga Birnin Malam, ya shigo layi ya ce shi dai a saninsa albasa ba ta son riga. Ta amsa masa da cewa zamanin "a sanina" ya wuce, ita ta gwada da hannunta. Mardiyya ta tambayi wa zai gwada, mutum ɗari biyu da goma sha uku suka yi wa lambar "e" filashin. Naja'atu ta riƙe adadin nan a ka, ko cikin zafin karaya ta tuna shi ta ji sanyi.

Ruwan farko ya sauka ranar Asabar. Tun daga nan rana take dukan ƙasa kamar an hura wuta.

"Muna da Mairama daga Dangamaji," in ji Mardiyya. "Mairama, a rage muryar rediyo. Muna jin ki."

"Ina kwana, Malama. Ni dai tambaya gare ni. Mun rufe rudu kamar yadda ɗiyar nan tac ce. To yau da sahe na ɗaga gefen tamfol na sa hannu, sai na ji ciki kamar tukunyar dambu. Albasar tana zuhwa. Kuma akwai wani ɗan wari. Ko haka abin yake yi kahin shi gyaru?"

Mardiyya ta ce ita ba masaniya ba ce, amma za a nemi bayani a kawo mako mai zuwa. Aka sa kiɗan talla.

Naja'atu ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a baya. Zufa. Wari. Ta san wannan, ta karanta shi, ta rubuta shi a jarrabawa. Albasa tana numfashi. In aka toshe ta cikin zafi, danshinta ba shi da wurin fita, sai ya koma mata, ta fara ruɓewa daga wuya. To me ya sa nata gwajin bai yi haka ba? Amsar ta zo mata kafin ta gama tambayar. Da sanyi ta gwada. Kwando biyu, cikin watan da ake kwana da bargo. Ba ta taɓa gwadawa a rudu cike ba, cikin zafin bazara.

Mako mai zuwa! Kwana uku sun riga sun wuce. In aka ƙara bakwai, abin da za a kwasa daga rudunan nan sai dai a kai bola da shebur. Nata rudun mai sauƙi ne, waya ɗaya za ta yi wa yayanta ya kwance. Amma mutum ɗari biyu da goma sha ukun nan fa? Ba ta san sunansu ba, ba ta san ƙauyukansu ba. Noman shekara guda ne, na mata da yawa shi ne kayan ɗakin 'ya'yansu da abincin damina. Hanya ɗaya ce ta kai maganarta gidajensu, ita ce kuma kaɗai za ta iya kai gyaran, kuma saura minti arba'in a rufe ta.

Ta lalubo wayar a ƙarƙashin matashi, yatsanta ya hau kan biyar, ta danna lambar shirin. Shiru. Ta sake. Wayar ta yi ɗan kukan nan na babu sabis. Ɗakin nan ginin ƙasa ne mai kauri, sabis ba ya shigowa sai bakin ƙofa, shi ya sa kullum Gwaggo ce ke fita da wayar ta kira gida. Gwaggo kuwa ta tafi bakin rijiya wanki.

"Gwaggo!" ta ƙwala kira. "Gwaggo Laraba!"

Babu amsa sai kiɗan talla.

A ɗaya shimfiɗar, Inna Amariya ta buɗe ido. Tsohuwar Bafulatana ce daga rugar da ke bayan Maiyama, wadda saniya ta take wa hannu. Ita ma an ɗaure ta da karare daga gwiwar hannu zuwa yatsu, kuma tun safe Malam ya ba ta wani jiƙo da ke sa ta gyangyaɗi.

"Ke ɗiyar boko, mi ya hwaru? Kunama ta?"

"Inna, ki taimake ni ki kai wayar nan bakin ƙofa."

"In kai ta in ce mata mi? Ni ko tawa jikana ka latsa mini." Ta taɓa ƙaramar jakar fata da ke rataye a wuyanta. "In ta yi kuka in danna kore, shi ke nan ilimina."

Naja'atu ta dubi ƙofar. Taku huɗu ne ga mai ƙafa. Ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta ja jikinta baya-baya, ƙafar da aka ɗaure tana biyo ta kamar itace.

"Ke! Ina za ki? Malam ya ce ko ƙuda!"

Ba ta saurare ta ba. Ja na farko lafiya. Na biyu lafiya. A na uku dugaduginta ya sauka daga kan katifa ya bugi daɓe, ta ji wani abu ya goce a cikin ƙwaurin, zafi ya taso mata har cikin haƙora. Ɗakin ya yi duhu ya dawo. Ba ta yi ihu ba. Ta kwanta a nan ƙasa, ta miƙa hannu iyakar tsawonsa wajen ƙofa, ta danna. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya a can, ta katse. Filashin ya shiga.

Amariya ce ta yi ihun a madadinta. Kafin a ce haka Gwaggo ta shigo da kumfa har gwiwar hannu, Malam Isiyaku yana biye da ita, matarsa Umaima a bayansa.

Malam bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan tsoratarwa. Ya durƙusa, ya kwance ƙyallen, ya rufe idanu, ya bi ƙwaurin da yatsu a hankali daga gwiwa zuwa idon sawu. Ya tsaya a wuri ɗaya.

"Ya goce," ya ce. "Aikin kwana goma sha ɗaya kin rushe shi. Sai an ja an maida, kuma yanzu, tun bai kumbura ba."

"Baba, a bari sai sha ɗaya ta yi."

"Ƙashi bai san agogo ba."

"Baba, don Allah. Na yi filashin, ƙila su kira. Akwai maganar da dole in gyara. Ni ce na ce a rufe rudu da tamfol, kuma..."

"Na san ke ce," ya katse ta, idanunsa har yanzu a rufe. "Tun randa anka kawo ki kina salati na gane muryar. Nawa rudun ma yana bayan gida sanye da rigar taki. Na ce ɗiya ta yi karatu, bari mu bi."

Wannan ta fi gocewar ƙashin shigarta. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga goshi. Amma ba lokacin sunkuyar da kai ba ne.

"To a je a kwance shi yanzu, Baba. Kuskure na yi. Albasar za ta ruɓe, taka da ta kowa."

Ya buɗe ido ya dube ta. Sannan ya juya wajen rediyo, inda wani mutum yake ba da labarin tsutsar masara ba gaggawa.

"Mutum nawa ka yin filashin ga shirin ga?"

"Ɗaruruwa."

"Su kira nawa?"

"Shida. Bakwai in lokaci ya kai."

"To ke da waya guda kina jira a kira ki? Ni shekara biyu ina yi, ko da kuskure ba su taɓa nemana ba." Ya ɗaga murya wajen tsakar gida. "Kai jama'a! Duk mai waya cikin gidan ga, majinyaci da mai jinya, shi yi wa Kunnen Manomi filashin! Wanda anka kira shi kawo nan ɗakin mata da gudu!" Ya ce wa Umaima ta aika a yaye tamfol ɗin rudunsu, ta dawo ta riƙe masa cinyar Naja'atu.

Gidan ya ɗauka. Daga ɗakin maza wani mai karyayyen haƙarƙari yana tambayar lambar, wani direba da ke rataye da hannu yana karanto masa da ka. Wata mata tana cewa ita tata ba caji. Gwaggo ta fizge jakar wuyan Amariya, ta miƙa wa Naja'atu wayar ta danna lambar ba tare da ta duba ba, aka fita da ita ƙofa aka yi filashin aka mayar wa tsohuwar, wadda ita ma ta matso bakin ƙofa.

"In sunka cinye mini kuɗi ke za ki biya," in ji Amariya.

"Kyauta ne, Inna."

"Haka kunka ce ga tamfol."

Har Malam sai da ya murmusa. Sannan ya ce a kama. Aka bar ta nan bakin ƙofa inda ta faɗi. Gwaggo ta zauna ta ɗora kan Naja'atu a cinyarta ta danne kafaɗu, Umaima ta riƙe cinya, Malam ya kama dugadugi da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan karayar. Ya yi bisimilla ya rufe ido.

"In na fara ba ni tsayawa," ya ce. "Ko Sarki ya yi sallama."

Ya fara ja. Naja'atu ta cusa gefen mayafinta a baki. Rediyo tana cewa saura minti goma sha biyu. Aka kira wani daga Maiyama yana gaida surukansa ɗaya bayan ɗaya. Ta ji kamar ta shiga cikin akwatin ta fizge wayar daga hannunsa. Zafin yana hawa, yana hawa, zufa tana shiga mata ido, ta rufe su. Babu abin da ya rage mata a duniya sai kunne.

Sai wani kukan zakara ya tashi a cikin ɗakin, siriri, na waya.

"La ilaha!" in ji Amariya. "Tawa ta!" Ta danna kore da hannunta mai lafiya. "Wa ke nan? Awo, Amariya ta. A'a, ni ba ni da albasa, shanu gare ni. Tsaya ga mai maganar." Ta ja jiki ta ɗora wayar a ƙirjin Naja'atu. Gwaggo ta saki kafaɗa ɗaya ta miƙa hannu ta murɗe rediyo.

Naja'atu ta tofar da mayafin.

"Sunana Naja'atu, daga Katanga."

"A'a, Malama Naja'atu mai tamfol!" Muryar Mardiyya ta fito da fara'a. "Yanzu ake nemanki. Kin ji tambayar Mairama?"

"Na ji. Mairama, da duk wanda ya rufe rudu saboda maganata, ku ajiye abin da kuke yi ku je ku yaye tamfol ɗin nan. Yanzu, ba anjima ba. Abin da na faɗa muku kuskure ne."

Ta ja numfashi. Malam bai sassauta ba, yana juya dugadugin kaɗan-kaɗan yana neman bakin ƙashin.

"Na ce na gwada. Gaskiya na gwada, amma da sanyi, kuma kwando biyu kacal. Ban gwada da zafi ba, ban kuma faɗa muku haka ba. In kun yaye, ku fito da albasar ku baza a inuwa, ba a rana ba. Ku bi ta ɗaya-ɗaya ku danna wuyanta da yatsa. Wadda ta yi laushi ku ware, a ci ko a sayar yau. Wadda take da ƙarfi..."

Ƙashin ya koma mazauninsa da wata 'yar ƙara da kowa a ɗakin ya ji. Maganar ta yanke. Ta ga fari, ta ga baƙi. Farcenta ya shige hannun Gwaggo.

"Malama Naja'atu? Ko layin ya katse?"

"Bai katse ba," ta ce, muryarta ta dushe amma ba ta karye ba. "Wadda take da ƙarfi ta sha iska kwana biyu a mayar. In kuna tsoron ruwa ku ƙara ciyawa a rufin. Mai son tamfol ya kafa sanduna ya ɗaga shi sama kamar rumfa, gefe duk a buɗe. Kuma Baba Ya'ƙub na Birnin Malam, in yana ji, shi ne da gaskiya. Na yi masa rashin kunya a gaban jama'a, a gaban jama'a nake ba shi haƙuri."

"Lafiya kuwa kike? Muna jin numfashinki."

"Ɗori ake yi mini. Ki tambaye su ko sun ji."

Amariya ta ɗauke wayar, kafin a katse ta kwarara maganar da Fulatanci a gajarce, don matan ruga da suka fara ajiye albasa su ma su ji. Gwaggo ta mayar da muryar rediyo. Mardiyya tana cewa duk wanda ya ji, kuma zai yaye tamfol yau, ya yi wa lambar "e" filashin, wanda kuma yake da maƙwabcin da ya rufe ya leƙa ya gaya masa.

Malam yana jera sababbin karare. Naja'atu ba ta ko dubi ƙafar ba. Arba'in, in ji rediyo. Saba'in da biyu. Ɗari da biyar.

Kira na ƙarshe kafin rufewa, muryar tsoho ce mai kauri.

"Ya'ƙub na, Birnin Malam. Ku gaya wa ɗiyar nan na ji. Ni ban riƙe ta ba, mai ƙarya ba shi dawowa shi ce ya yi kuskure. Garinmu gida tara anka rufe, na san su duka, yanzu zan bi su da sandata. In ta warke ta zo ta ga rudun da ubana ya koya mini, ta zo da littafinta."

Aka sa kiɗan rufewa. Adadin ƙarshe da Mardiyya ta karanto ɗari da sittin da ɗaya ne.

Naja'atu ta cire shi daga ɗari biyu da goma sha uku a ka. Hamsin da biyu. Wasu suna kasuwa, wasu batirinsu ya mutu, wasu sun ji ba su yi filashin ba. Wasu kuma ba su ji ba, kuma ba za su ji ba sai hancinsu ya gaya musu. Ta san wannan adadin ma zai zauna mata a ka, ya fi na farkon daɗewa.

Aka ɗaga ta su uku aka mayar kan katifa. Malam ya ɗaure ƙullin ƙarshe, ya goge hannu a rigarsa.

"Kwana goma sha ɗayan nan sun tahi," ya ce. "Arba'in sabuwa, daga yau. In kinka sake motsawa da igiya zan ɗaure ki ga azara."

"Na ji, Baba."

"Kin ji, ko kin ji irin na ɗazu?"

"Na ji. Amma a matso mini da katifar bakin ƙofa. Ranar Talata sai na ji abin da Mairama ta samu."

Malam ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi Umaima. Suka kama katifar su uku, Amariya tana ba da umarni da hannu ɗaya, suka ja ta a hankali har inda sabis yake kaiwa. Daga nan Naja'atu tana iya ganin rediyon a kan ƙusarta, da wani yanki na sama, da bayan gida inda aka yaye tamfol shuɗi aka yar a ƙasa, mata biyu sun durƙusa suna danna wuyan albasa ɗaya bayan ɗaya.

Ta lalubo ƙaramar wayar, yatsanta ya hau kan biyar, ta kira yayanta ya je ya kwance nata.